Labarin Ƙwaƙwalwa a Tambayi Jini

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma akwai labarin da fuska ba ta iya bayarwa, shi ne labarin abin da ke gudana cikin ƙoƙon kan mutum bayan kansa ya bugu da ƙasa. Ƴan kasuwa maza da mata, ku da kullum kuke bisa kabu-kabu da adaidaita da bayan motocin cin kasuwar ƙauye, wannan magana taku ce tun kafin ta zama ta kowa. Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako ta Yamai, babu inda ba a taɓa jin irin wannan labari ba: wane ya faɗo daga moto, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, har ya yi wa masu yi masa sannu dariya, ya koma rumfa ya ci gaba da ciniki, da dare ya ce kansa na sarawa, kafin gari ya waye sai sanarwar rasuwa a rediyo. Sai a ce ai lafiya lau aka rabu da shi.

Ba lafiya lau ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, wani lokaci bugun kan tsinke jijiyar jini a cikin kai, jinin ya riƙa taruwa a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kuwa ba buhu ba ne da zai buɗa ya ɗauki ƙari. Duk abin da ya ƙaru a ciki, ƙwaƙwalwa yake dannewa. Shi ya sa mutum zai iya yin awoyi yana magana daidai, sannan ya kife gaba ɗaya. Idan an gano da wuri, likitan tiyatar kai yana iya buɗewa ya kwashe jinin, mutum ya tashi. Idan aka makara kuwa, sai dai haƙuri.

Abin tambaya a nan shi ne, cikin mutum goma da suka bugu a kai suka tashi suna magana, yaya za a gane wanda ke ɗauke da wannan haɗari?

Abin da likitoci suka daɗe suna dogara da shi abu biyu ne. Na farko shi ne awon Gilasgo, wanda wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo a Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974. Ana duba ko majinyaci yana buɗe ido, ko yana ba da amsa daidai, ko yana motsa gaɓoɓinsa in an umurce shi, sai a ba shi maki daga 3 zuwa 15. Mai 13 zuwa 15 ana cewa rauninsa mai sauƙi ne, mai 9 zuwa 12 matsakaici, mai 8 zuwa ƙasa kuwa mai tsanani. Wannan awo ya yi wa duniya amfani ƙwarai, domin ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Sai dai shi ma fuska yake tambaya. Mutumin nan da jini ke taruwa a kansa yana iya cin 15 cif a awar farko.

Abu na biyu shi ne sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai. Ita kam tana gani. To amma ina take? Sai a manyan asibitocin birane. Wanda ya faɗi a kasuwar ƙauyen Dakwaro ko Tanut ko Bouza, sai an nemi mota, an nemi kuɗin mai, an nemi ɗan rakiya da zai rufe shagonsa, an bi hanya mai gargada da marar lafiya. Idan kuma aka ce sai Yamai, to daga Maraɗi fiye da kilomita 600 ne, daga Damagaram kuwa ya kusa 900. Gaskiya ne a 2024 hukumomi sun rage kuɗin aikin asibitocin gwamnati da rabi, kuma talaka ya ji daɗin wannan, amma ragin bai shafi kuɗin mota da abincin ƴan jinya da cinikin da aka rasa ba. Bugu da ƙari, a ƙasashen da suka ƙidaya, cikin masu ƙaramin rauni goma da aka sa a sikana, kusan tara ba a ganin kome a kansu. Ke nan asara biyu muke yi. Wasu su karya jarinsu su tafi a ce babu kome. Wasu kuma su ji labarin waɗancan su ƙi tafiya, alhali su ne masu jinin.

A nan ne maganar gwajin jini ta shigo, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya zai fahimce ta nan take. Idan amalanke ya wuce da buhuna a rufe, ba sai ka kwance su ba kafin ka san ko ɗaya ya fashe. Duba ƙasa kawai. In ka ga gero a zube bisa hanya, ka san buhun gero ya huje, kuma yawan abin da ya zube shi zai gaya maka girman hujin. Haka ƙwaƙwalwa take. Akwai wasu sinadarai na furotin da mazauninsu cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne, kuma a jinin mai lafiya ɗan kaɗan ake samun su. Idan ƙwayoyin suka ji rauni sai su tsiyayo cikin jini, a ɗiba daga hannu a auna.

Guda biyu ne suka fi shahara. Ɗaya ana kiran sa GFAP, yana fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda ginshiƙai ke tallafe da rumfa. Ɗayan kuma UCH-L1, daga cikin ƙwayoyin jijiyar kansu yake fitowa. Kowanne da saurinsa. UCH-L1 yana bayyana tun cikin awar farko, ya kai ƙololuwa wajen awa 8, sannan ya sauka da sauri. Shi kuwa GFAP a hankali yake hawa, sai wajen awa 20 yake cika, kuma yakan yi kwanaki kafin ya ɓace. Shi ya sa ake haɗa su biyun a gwaji guda, in wannan ya wuce wancan na nan.

Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. An yi babban bincike a asibitoci 22 na Amurka da Turai, aka wallafa sakamakonsa a 2018. An auna jinin manya 1,959 da suka bugu a kai, kuma dukkansu an sa su a sikana domin a gwada a gani. Mutum 125 ne sikana ta nuna suna da rauni a cikin kai, kuma gwajin jini ya kama 122 daga cikinsu, uku kaɗai suka kuɓuce masa. A ɗaya ɓangaren, mutum 671 ne jininsu ya ce babu kome, kuma in ban da waɗancan ukun, sikana ta gaskata shi. Ma'ana, kashi ɗaya cikin uku na majinyatan ba su buƙaci sikana ba tun farko. A watan Fabrairu na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin. A lokacin sai an jira awa uku zuwa huɗu kafin sakamako ya fito. A 2021 kamfanin Abbott ya samu izinin wata ƴar na'ura ta riƙewa a hannu, mai suna i-STAT, da ke ba da amsa cikin minti 15, a 2024 kuma aka amince a riƙa ɗiga mata jinin kai tsaye a gefen gadon majinyaci, har zuwa awa 24 bayan haɗari. A Faransa ma, tun 2022 ƙungiyar likitocin gaggawa ta sa waɗannan gwaje-gwaje cikin shawarwarin da take bai wa likitoci. Kuma abin lura, rundunar sojan Amurka ta zuba kuɗi a wannan aiki, domin sojan da ya ji rauni a fagen daga yana nesa da sikana.

To jama'a, wa ya fi mu nisa da sikana? Ra'ayinmu ke nan a wannan fili. A Pari ko Niyok, inda na'urar hoto take ƙarshen baranda, amfanin gwajin shi ne rage layi da rage kashe kuɗi. A wurinmu kuwa, gwajin da zai gaya wa malamin asibitin gunduma cikin minti 15 cewa wannan a kwantar da hankali a sa masa ido a nan, wancan kuma a tada mota yanzun nan, ya wuce maganar rage layi, magana ce ta rai da ta jari. Mun ga irin wannan sauyi da idonmu a kan masassarar cizon sauro. Da can duk zafin jiki masassara ce, a bai wa kowa magani iri ɗaya. Da ɗan gwajin nan na tsinken yatsa ya isa ƙananan asibitocin karkara, sai aka fara bambance mai ita da marar ita. Abin da ya yiwu ga masassara, bai kamata a ce tun daga nesa ya fi ƙarfinmu ga raunin kai ba.

Mun san za a ce mana, asibitin da wani lokaci majinyaci ke sayen safar hannu da auduga da kansa, ina shi ina gwajin Amurka? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya sayen kaya sai ya juya shi ya ga bayansa. Bari mu juya wannan.

Da farko, gwajin rariya ne, ba alƙali ba. Ƙarfinsa yana wurin cewa babu. Idan ya ce akwai, ba lalle ne jini na zuba a kai ba. A binciken can na 2018, mutum 1,288 ne jininsu ya nuna alama, amma 122 kaɗai sikana ta tabbatar. Saboda haka wanda aka ce sinadarinsa ya hau kada ya yanke ƙauna, abin da ake nufi kawai shi ne a je a duba. A wurin tsofaffi ma abin ya fi haka, domin GFAP yakan ƙaru da shekaru ko babu bugu.

Na biyu, an amince da shi ne domin manya, daga shekara 18 zuwa sama, masu raunin da ake ganin mai sauƙi ne. Wanda ya suma bai farfaɗo ba, ko yake ta amai, ko ɓarin jikinsa ya saki, ba ya jiran wani gwajin jini, hanya kawai za a kama. Yaron da ya faɗo daga bayan moto ko daga goyo shi ma hukuncinsa daban ne, na likita ne.

Na uku, kayan gwajin sau ɗaya ake amfani da kowanne a jefar, a firiji ake ajiye su, na'urar kuma ba ta son zafi. Mu kuwa mun san abin da watan Afirilu yake yi a Tawa da Damagaram, mun kuma san halin wutar lantarki. Duk wanda zai kawo na'ura bai yi tanadin sanyi da kayan sauyi ba, ya kawo abin ado ne kawai. Sau nawa ake buɗe sabon kaya da tafi da ɗaukar hoto, bayan wata shida ya koma ƙarƙashin ƙura?

Na huɗu, kuma wannan ya fi shafar mu, yawancin binciken a jikin mutanen Amurka da Turai aka yi shi. Alal misali, akwai wani sinadari na uku, S100B, wanda ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Nowe suka sa cikin ƙa'idar aikinsu tun 2013. An gano cewa ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke fitar da shi ba, har da ƙwayoyin da ke ba fata launi, don haka baƙar fata yakan fi Bature yawansa a jini ko yana lafiya lau. Karayar ƙashi ma tana ɗaga shi, ga shi kuwa wanda ya faɗo daga moto sau da yawa da karaya yake zuwa. Haka kuma binciken da aka yi kan yara a Yuganda ya nuna masassarar cizon sauro mai tsanani tana ɗaga wasu daga cikin waɗannan sinadarai. Ke nan tiyar wata kasuwa ba lalle ta yi daidai da tamu ba. Sai an kawo ta an gwada da hatsinmu.

Duk waɗannan ba dalilan ƙin gwajin ba ne, sharuɗɗan sayensa ne.

Akwai kuma ɓangare na biyu na maganar, wanda ba a cika tattauna shi ba, wato warkewa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka in sikana ta ce babu kome, ko in an sallami mutum daga asibiti, shi ke nan. Amma wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2019, ya samu cewa fiye da rabin waɗanda aka kai manyan asibitoci da raunin da ake kira mai sauƙi, bayan shekara guda ba su koma daidai yadda suke ba. Ku duba cikin kasuwa za ku gane su. Mai shagon da a da yake lissafin kwali ɗari da ka, yanzu canjin jika guda yana rikita shi. Mai tuwon da ba a taɓa jin ta da kowa ba, yanzu abu kaɗan ta hau faɗa. Ciwon kai, jiri, mantuwa, rashin barci, ƙin hayaniya. Sai a ce lalaci ne, ko a ce an yi masa asiri, ko a ce iska ce, har aure ya mutu, abokin ciniki ya janye, alhali rauni ne da ido ba ya gani.

A nan ma jini ya fara magana. Wani bincike na 2022 a kan majinyata kusan 1,700 ya nuna cewa yawan GFAP da UCH-L1 a ranar haɗari yana taimakawa ƙwarai wajen hango wanda ke cikin haɗarin mutuwa ko naƙasa mai tsanani nan da wata shida, ko da yake bai ƙware ba wajen faɗin wanda zai rage da ƙananan matsaloli. Akwai kuma wani sinadarin, NfL, da ke fitowa daga dogayen zaruruwan da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa kamar wayoyin lantarki. Shi ba ya gaggawa, yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana 10 da mako 6, kuma a masu babban rauni ana iya samun sa sama da ƙa'ida har bayan shekara. Wannan ya tabbatar da abin da masu jinya suka daɗe da sani, cewa ƙwaƙwalwa tana ci gaba da fama bayan ƙurjin goshi ya bushe. Saboda irin waɗannan dalilai ne a 2025 ƙwararru daga ƙasashe da dama suka fito da sabon tsarin auna raunin kai, wanda ya haɗa abu huɗu: duban likita, gwajin jini, hoto, da yanayin rayuwar majinyaci. Amfanin wannan ga iyali a fili yake. Wanda aka gaya masa tun farko cewa jinyar mai tsawo ce, zai san yadda zai tsara shago da bashi da adashi, ba zai tura marar lafiya rumfa bayan kwana uku ba.

Don haka muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da kada ta tsaya jira sai wata ƙungiyar waje ta kawo mana abin a matsayin sadaka. A zaɓi asibitoci kaɗan da ke bakin manyan hanyoyi inda haɗari ya fi yawa, a gwada gwajin kafaɗa da kafaɗa da sikana na tsawon lokaci, a ƙidaya rayukan da aka ceta da tafiye-tafiyen da aka rage da kuɗin da aka kashe, sannan a faɗa wa jama'a sakamako. Muna da sassan koyon aikin likita a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, da jami'ar André Salifou ta Damagaram, ga kuma cibiyar bincike ta CERMES. Wannan aiki nasu ne. Kuma a tuna gwaji ba ya kwashe jini daga kai. In babu motar ɗaukar majinyaci mai mai a ciki, babu sikana mai aiki, babu likitan tiyata a ƙarshen hanya, to an gaya wa mutum ciwonsa ne kawai an bar shi da shi.

Ku kuma shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata da na ƴan kabu-kabu, kuna da bakin da ake saurare. Yadda kuke zuwa gaban hukuma kan patanti da kuɗin rumfa, haka ya kamata ku je kan wannan. Kafin nan, me zai hana kowane layi na kasuwa ya ware wani abu daga adashi domin kuɗin motar gaggawa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran magana tamu ce mu duka, kuma ba ta jiran kowace na'ura. Kun ji dai sinadaran nan da lokaci suke aiki, awa 12 zuwa 24 ne iyakar gwajin, jinin da ke taruwa a kai kuwa ko hakan ba ya jira. Al'adar nan ta bari a tashi kasuwa, bari maigida ya dawo, bari mu ga yadda zai kwana, ita ce ke kashe mutane. Duk wanda kansa ya bugu har ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya manta yadda abin ya faru, a kai shi asibiti a ranar. Idan an dawo gida, kada a bar shi shi kaɗai a daren farko. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tada mutum da ƙyar, jijjiga, rikicewar magana, sanyin hannu ko ƙafa ɗaya, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a koma asibiti ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi asfirin, domin yana tsinka jini ya ƙara zubar, kada a ba shi tiramol ko maganin barci daga teburin mai tallar magani, domin suna rufe alamun da ake son gani. Dattijo kuwa, ko bayan makonni ne ya fara mantuwa ko tangaɗi, a tuna da faɗuwar nan a gaya wa likita.

Daga ƙarshe, gwajin da ya fi kowanne arha shi ne wanda ba a buƙace shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ita dai hukumar ta ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari. Muna lulluɓe kwandon ƙwai da ƙaiƙayi, muna naɗe faranti da kwali, muna ɗaure buhu da igiya biyu, amma kan da ke riƙe da lissafin dukkan wannan dukiya muna ɗora shi bisa moto tsirara. Hajiya, ɗankwali ba ya hana ƙashi fashewa. Alhaji, hular saƙi ba ta tare kwalta.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.